Kun manta da Bill Willis

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan gyara a kan shirinku na wasanni na makon jiya. Kun kawo tarihin Jackie Robinson, wanda ya karya shingen wariyar launin fata a wasan besbol a 1947, kuma kun kyauta. Sai dai mai gabatarwa ya ce shi ne baƙar fata na farko da ya kutsa manyan wasannin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A nan ne na ce da sake.

Tun a 1946 baƙaƙe huɗu suka shiga ƙwallon Amurka ta ƙwararru, wadda ake sa hular kwano a yi ta gwara ƙirji. Kenny Washington da Woody Strode sun shiga Los Angeles Rams, Marion Motley da Bill Willis kuma Cleveland Browns. Willis nake so in tsaya a kansa, don ɗan Columbus ne, garin da nake neman abincina.

Ɗan sahun gaba ne a ɓangaren tsaro. Su ne masu duƙawa goshi da goshi da abokan hamayya, da an saki ƙwallo sai ture da kokawa. Kamar shanun huɗa suke, su ke jan garma, wani ake yi wa kirari. Willis bai kai kilo 100 ba, a wannan gurbi ƙaramin mutum ke nan, amma saurinsa ya wuce misali. Da ya je gwaji a sansanin horo, ya yi ta wuce mai tare shi kamar walƙiya, har aka zaci yana zabura kafin lokaci. Aka zuba ido aka duba, ashe tsabar zafin nama ne. Paul Brown, kocin Browns, wanda dama ya horar da shi a Jami'ar Jihar Ohio, ya ɗauke shi.

Willis ya sha wuya fa. A shekarar farko, da ƙungiyar za ta buga wasa a Miami, shi da Motley a gida aka bar su, saboda dokar Florida ta hana baƙi da fari wasa tare, ga kuma barazanar kisa. A fili kuwa ana taka musu hannu da gangan, alƙalan wasa su kau da kai.

A 1950, a wasan share fagen ƙarshe da New York Giants, Willis ya bi Gene Roberts, ɗan wasan Giants, da gudu ya kayar da shi gab da layin ci. Browns suka yi nasara 8 da 3, daga baya suka ɗauki kofin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Willis ya yi ritaya bayan kakar 1953, daga baya ya koma aikin kula da matasa masu laifi a Ohio. An sa shi a zauren gwarzayen wasan a 1977, ya rasu a 2007.

Don Allah ku ba shi ko da minti biyar a shiri na gaba.

Naku,
Mai sauraronku daga Columbus, Ohio