Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Madina, Kan Maganar Maus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan Makka kowa lafiya, sai zafi da ya kankama. Ummanka ta kunna min saƙon muryar da ka turo mata. Na ji ka ce kibiyar kwamfutarka tana jan ƙafa, wani lokaci ta ƙame ƙam, har kana shirin rancen kuɗi wajen abokin ɗakinka ka sayi wata laftof. Maganar rancen nan ce ta zaunar da ni na rubuto maka. Kada ka karɓi ko riyal ɗaya tukuna.

Fara gano wanda ba shi da lafiya, maus ne ko kwamfutar. Zare ɗan ƙaramin abin nan na maus da ke soke a ramin USB, ka shafa yatsa a wurin shafawar da ke ƙasan madannai. In kibiya ta bi yatsanka sumul, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. In nan ma tana turjewa, maus ba ruwansa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, rashin yin sa ne ke sa a bar jaki a koma dukan taiki.

In laifin maus ne, buɗe murfin batir. Zafin ƙasar nan yana rage wa batir kwana, wani sa'in har ya tsiyaye, ka ga farin gari ya daskare a bakin ƙarfen. Goge shi tas, ka sa sabo. Sannan kifa maus ɗin ka leƙa ɗan ramin da haske ke fitowa. Akwai wata 'yar mitsitsiyar kyamara a ciki da ke ɗaukar hoton abin da maus ke tafiya a kai fiye da sau 1,000 a daƙiƙa guda, da bambancin hotunan take gane inda hannunka ya nufa. Silin gashi ɗaya ko zaren kafet in ya gitta mata ya isa ya rikita ta. Na san ku da zama a ƙasa kuna jan maus a kan darduma. Hure ramin, ka share da auduga busasshiya. Tebur na gilashi ko mai sheƙi shi ma makantar da ita yake yi, don haka shimfiɗa faifan maus, ko bangon littafi marar ƙyalli.

Ga wanda mutane ba su cika sani ba. Maus marar waya yana magana da kwamfuta a kan zangon rediyo na 2.4 GHz, wanda Wi-Fi ma ke bi. Ramin USB 3.0, wanda galibi za ka ga cikinsa shuɗi, yana fitar da hayaniya a wannan zangon in an jona masa abu yana aiki, kamfanin Intel da kansa ya yi bayanin haka a 2012. To in ka jona ma'ajiyar nan da ka tara littattafanka a ciki daf da ɗan abin maus, mayar da ɗayansu ɗaya gefen laftof ɗin ka gani.

In kuwa kwamfutar ce ke nauyi, danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager, wato shafin da ke nuna abubuwan da ke cin ƙarfin kwamfuta, zai buɗe, ka duba abin da ya kai kashi 100. Sau da yawa shafukan intanet ne rututu a buɗe, ga manhajar littattafan addini ta Maktaba Shamila, ga manyan littattafan PDF, ga Windows yana sabunta kansa a ɓoye. Rufe abin da ba ka buƙata, ka kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa, ba rufe murfi kawai ba. Kuma don Allah ka daina ɗora ta a kan katifa. Ƙofofin iskarta toshewa suke yi, fanka ta yi ta kuka, ita kuma ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Kafin ka taɓa komai, kwafi bahasinka a filashi yau ɗin nan. Wannan ya fi damuna a kan maus, domin wahalar watanni ce a ciki, ba a kuma sayen ta a kanti. Buga maus a tebur in ranka ya ɓaci shi ma ka bari, ƙara lalata maɓallan ciki yake yi.

In duk ka bi waɗannan bai daidaita ba, ari na wani ka gwada. In nasa ya yi aiki, sayi mai waya, kuɗinsa kaɗan ne, babu batir babu katsewa. In har ta tabbata laftof ɗin ce, ni za ka faɗa wa, ba abokin ɗakinka ba, shi ma ɗalibi ne mai jiran alawus. Ka taho da ita in kun samu hutu, mu kai wa mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe ƙurar ciki, sannan mu san abin yi.

Ka sanar da ni abin da gwajin farko ya nuna. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. In ka shiga Masallacin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ka sa mu a addu'a. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Makka