Turanci ya ba ni aiki a Holan, amma bai ba ni baki ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana da ƙannenmu masu shirin zuwa aiki ƙasar Holan. Duk wanda ya tuntuɓe ni, maganarsa ɗaya ce: ai an ce kowa a can yana jin Turanci, me zai sa mutum ya wahalar da kansa da Holanci? Ni ma haka na ce da na zo, kuma wannan tunanin ya ci mini shekara biyu.

Ina gyaran na'urorin sanyi na kwantenoni a tashar jiragen ruwa ta Rotadam, wadda babu kamarta girma a Turai. Da Turanci aka yi mini tambayoyin ɗaukar aiki. Amma da an zauna cin abincin rana, kowa ya zaro burodinsa da cuku, sai hira ta koma Holanci. A wannan rabin awar ake jin wa zai bar aiki, wane gurbi zai buɗe, wane inji ke ba da ciwon kai. Ni kuwa ina gefe, in an yi dariya in yi murmushi, ban san abin da aka ce ba.

Kunyar farko da na sha ta agogo ce. Aka ce mini akwai taro "half drie". Na san "drie" uku ne, "half" kuma rabi, sai na iso ƙarfe uku da rabi da 'yar takardata a hannu. Na tarar an watse tuntuni. Ashe su rabin hanyar zuwa uku suke nufi, wato biyu da rabi. Ƙirgarsu ma a juye take: 24 sai su ce huɗu da ashirin. Sau nawa na rubuta 42 a takardar odar kaya!

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kalmar "to". An tarbiyyantar da mu cewa idan babba yana magana, ka sunkuyar da kai ka ce to, in kana da ja ka same shi daga baya a keɓe. A nan shugabanmu keke yake hawowa, da kansa yake haɗa kofinsa, kuma da sunansa tsirara kowa ke kiransa. Na fi wata uku ina ce masa "u", wato "ku" na girmamawa, har ya ce in daina, ina mai da shi tsoho. Wata rana a taro ya ce za mu gama wani aiki cikin kwana uku, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Wat vind jij?", wato kai me ka gani. Na san sarai kayan gyaran ba za su iso ba sai mako mai zuwa, amma na ga bai dace in ƙaryata shi a gaban yaransa ba. Na gyaɗa kai. Da aikin ya makara ya kira ni, ba tsawa ba zagi, ya ce: "Ka sani, kuma ka yi shiru. Me ya sa?" Jinkirin bai dame shi ba kamar shirun. Abin da na ɗauka ladabi ne, shi a wurinsa na yi alkawari na saɓa. Suna da abin da suke kira "overleg", zaman shawara da ba ya ƙarewa sai kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Gaskiya wani lokacin yana gundurata, amma na gane cewa wanda bai yi magana a can ba, ya sa hannu ke nan.

Tun daga ranar na shiga neman yaren haiƙan. Babban cikas kuwa su ne masu yaren, don da sun ji harshenka ya karkace sai su juya zuwa Turanci, wai taimakonka suke yi. Dole ka cire kunya ka ce kana son ka gwada Holancinka. Ɗakunan karatu na unguwa suna da zaman hira da ake kira "taalcafé", inda 'yan sa-kai, yawancinsu dattawa masu ritaya, ke zama da baƙi. Da yamma ina kallon Jeugdjournaal, labaran yara na gidan talabijin NOS, don a can ake magana dalla-dalla. Harafin "g" ɗinsu mai kankare maƙogwaro da ke ba Turawan Ingila wuya, wanda ya yi makarantar allo ya iya furta "kha" ya riga ya wuce wurin.

Akwai kuma batun doka. Tun 1 ga Janairun 2022 sabuwar dokar "inburgering", wato ta koyon yare da tsarin rayuwar ƙasar ga baƙi, ta ɗaga matakin yaren daga A2 (na 'yan koyo) zuwa B1 (na matsakaita) ga mafi yawan waɗanda ta wajaba a kansu, irin su 'yan gudun hijira, kuma shekara uku ake ba su. Wanda ya zo da izinin aiki ba a tilasta masa, shi ya sa da yawanmu ke sakankancewa. Sai bayan shekara biyar, mutum ya je neman izinin zama na dindindin, a tambaye shi takardar jarrabawa.

Ranar Juma'a da yamma sukan taru shan abin sha bayan an tashi. Da ina gudu saboda giya. Yanzu nakan tsaya da lemona rabin awa, ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Sallar Juma'a ma da na yi ta kewaye-kewaye a kanta, ranar da na fito fili na nema, cewa kawai aka yi in sa a ajandar aiki in rama awar.

Har yanzu ina rikita "de" da "het", kalmominsu biyu da ke matsayin "the" na Turanci. Makon jiya na ce wa shugaban namu a gaban kowa lissafinsa bai yi ba. Gabana na faɗuwa. Ya duba takardar, ya ce na yi gaskiya, aka wuce batu na gaba.

Naku,
Wani mai karatunku daga Rotadam, Holan.