Wasiƙa Ga Ɗana Kan Kitsen Jini

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fatan kun tashi lafiya kai da iyalinka. Jiya matarka ta kawo min takardar gwajin jininka. Likita ya ce kwalastarol ɗinka, wato kitsen da ke cikin jininka, ya haura 240, alhali so ake ya tsaya ƙasa da 200. Ta ce da aka faɗa maka dariya ka yi, wai ai ba inda ke maka ciwo. Dariyar nan ce ta hana ni barci.

Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ma ba inda ke masa ciwo har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shago, ɓarin jikinsa ya shanye. Sai a asibiti aka fahimtar da mu cewa kitsen yana manne wa bangon jijiyoyin jini ne sannu a hankali, shekara da shekaru, har hanya ta ƙuntata, jini ya kasa isa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ba zazzaɓi, ba kasala. Da na san haka tun farko, da ban riƙa malala masa man shanu a kan tuwo kowane dare ba. Ni a ganina kulawa ce.

Na san yadda kake wuni a kasuwar Kwari: shayi mai kauri da burodi da bota da safe, shinkafa da manja da rana, da magariba kuma balangu, har kana cewa a ƙara maka kitse. To ka dubi kwano idan miya ta huce. Man nan da ke daskarewa a kai, shi ne irin wanda ke ɗaga mummunan kwalastarol, wanda likitoci ke kira LDL. Man shanu, manja, kitsen nama da fatar kaza duk dangi ne. Ka rage kayan ciki da ƙwaƙwalwa, ka kuma guji suyar da aka yi da man da aka maimaita har ya yi baƙi.

Ba yunwa na ce ka zauna da ita ba. Wake da kuɓewa suna taimakawa wajen rage kitsen tun daga hanji. Ga gero, dawa da acca. Ga zogale, rama da alayyahu jibge a Yankaba. Ka ci kifi sau biyu a mako, gasasshe ko dafaffe. Man gyaɗa ya fi, amma da cokali za a auna, ba a tuttula daga kwalba ba. In ƙishin zaƙi ya taso, lemon ɓawo ko gwanda daga 'Yan Lemo sun fi lemon kwalba.

Ku je Asibitin Malam Aminu Kano tare da matarka ku ga masu ba da shawara kan abinci. Ita ke riƙe da ludayi, gara ta ji da kunnenta. In likita ya rubuta magani ka sha yadda ya ce, kada ka sauya shi da na masu talla da lasifika. Bayan wata uku a sake gwaji, ka kawo min takardar da hannunka.

Na aiko ƙaninka da tiya biyu ta wake da ɗaya ta gero daga Dawanau. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo, zan yi dambu da zogale. Likita ya ce ka riƙa tafiyar rabin awa kwana biyar a mako, don haka ka bar motar a gida, ka tako da ƙafa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.