Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Tsohon Gidan Unguwar Rimi

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kai da iyalinka kuna lafiya. Ranar Juma'a da ka kai ni ganin gidan, dillali bai matsa daga kusa da mu ba, shi ya sa na ja bakina na yi shiru. Kada ka ɗauka gidan bai yi mini ba. Ya yi. Bulonsa irin na da ne wanda ba a yi wa rowar siminti ba, ga tsakar gida mai faɗi. Allah ya sanya alheri. Abin da ya hana ni barci shi ne, tun daga ƙofa har muka fito lissafin fenti da tayil kake yi, ko sau ɗaya ba ka ɗaga kai ka dubi silin ba.

Tunda kafin alƙalami kawai ka bayar, ka dakata da ciko. Gidan gado ne. Ka tabbata kowane magaji ya yarda da cinikin, maza da mata, har wadda take aure a wani gari, kuma ya sa hannu gaban shaidu. Ka ɗauki lauya ya je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ya duba sunan wa ke kan takardar, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai bashin harajin fili. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna mallaka take komawa hannun wani, kada dillali ya ce maka ba dole ba ne. Ka kuma nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe.

Yanzu maganar rufi. Lokacin da muka sayi gidanmu na Tudun Wada kana goye. Da rani ne, ɗoki ya ɗebe ni, na zuba ɗan abin da ya rage mini a filasta da fenti. Ruwan farko da ya sauka da iska, ya yaye kwano biyu, ashe gara ta gama cinye katakon daga ciki, ɓawo kawai ya rage. Mahaifiyarka ta kwana tana jera robobi da kwanuka, kai kuma ka kwashi tarin da ya kai mu asibiti. Har yau idan na tuna daren nan zuciyata sai ta yi nauyi. Fentin duk ya lalace, na biya sau biyu.

Don haka ka sa kafinta ya shiga cikin silin da tocila, ya soki kowane katako da ƙusa. Wanda ƙusa ta nutse a cikinsa ya tafi. Sabon da za a sa a shafe shi da maganin gara tukuna. Silin ɗin falo kuwa na asbestos ne, ƙurarsa tana illata huhu. Kada a farfasa shi da guduma. A jiƙa shi, a sauke shi ɗai-ɗai, ma'aikata su rufe hanci, kuma kada jikokina su taka gidan sai an share.

Na ga tsagar da ta bi layin bulo kamar matakala a bangon baya. Kada birkila ya shafe maka ita ya ce an gama. Ka kira injiniya, don irin wannan takan nuna tushe ya zauna. Can ƙasan bangon kuma filasta na zubowa da wani fari-fari kamar kanwa, danshi ke hawowa. Ka je wurin dattijan layin, ka gaishe su da kyau, ka tambaye su inda ruwa yake kaiwa a Agusta da Satumba, da kuma inda ya tsaya a ambaliyar 2012, tunda gidan ya gangara wajen kogi. Su za su gaya maka abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba, ka kuma fara sanin mutanen da za ka zauna da su.

Wayar wuta a sake ta gaba ɗaya, robarta ta bushe. Bututun ƙarfen ruwa sun yi tsatsa. A buɗe sokawe a gani. Idan za ka ƙara ɗaki ko ka taɓa katanga, ka nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin a aza bulo ɗaya. Ma'aikata ka ba su jinga, kaya ka sayo da kanka, kada ka biya kowa duka sai ka ga aiki. Ƙyauren ƙarfen nan bai mutu ba, masu aikin ƙarfe na kasuwar Panteka za su gyara shi.

Na san mai ɗakinka ta ƙosa ta bar gidan haya. Ka lallashe ta, ku ƙara wata uku. In kuɗi ya ƙare, ku shiga da daɓen siminti, tayil zai zo daga baya. Ranar tarewa a karanta Suratul Baƙara, a aika wa maƙwabta abinci.

Mangwaron tsakar gida kada ka sare shi, a rage reshen da ya hau kwano kawai. Asabar bayan azahar zan zo mu sake zagayawa, mu biyu, ba dillali. Ka taho da tsani.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka