Rahoton Ayyukan Shekara: Tsara Ƙa'idojin Raba Kuɗin Hidima a Manhajar Lissafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa membobi. Alhamdulillahi, Allah ya kawo mu ƙarshen shekara. Akasarin aikin kwamitin horaswa a bana ya tafi ne kan matsala guda da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: yadda za a raba kuɗin da sassan kasuwanci suka ci tare, kamar haya, man janareta, wutar lantarki da albashin maigadi, don a san ainihin ribar kowane sashe. A Zariya, an yi zaman horaswa a Sabon Gari da Samaru, sannan aka bi membobi shagunansu a Tudun Wada da cikin birni aka duba littattafansu.

Abin da muka fi nacewa a kai shi ne a daidaita ma'aunin rabo a takarda, mai dukiya ya sa hannu, kafin a taɓa kwamfuta. Manhaja ba ta san adalci ba, abin da ka ba ta shi za ta lissafa. Matakin farko, a buɗe wa kowane sashe cibiyarsa ta kashe kuɗi, wato gurbin da manhaja za ta tara kuɗin da sashen ya ci. A manhajar QuickBooks ta intanet ana yin haka da alamar sashe da ake kira Class, amma sai a tsarin Plus ko na sama da shi. Tally yana da cibiyoyin da ake ɗora wa kaso, Odoo kuma tun daga siga ta 16 yana raba layi guda na rasit zuwa sassa da dama bisa kaso cikin ɗari. Daga nan a ware kuɗin da ya shafi sashe guda kai tsaye. Buhun fulawa na gidan burodi ne, ba a raba shi da kowa.

Haya da faɗin wuri ake raba ta. A ce gini mita murabba'i 200 ne: gidan burodi ya ci 120, shago 50, sito 30, wato kashi 60, 25 da 15. Tunda a Zariya hayar shekara ake biya gaba ɗaya, idan naira 1,200,000 ce kada a zuba ta a wata guda. A ajiye ta a asusun kuɗin da aka biya tun gaba, kowane wata a fitar da 100,000: 60,000, 25,000 da 15,000. Wanda ya zuba ta duka a Janairu zai ga asara a watan, sannan ya yi wata goma sha ɗaya yana murnar ribar da babu ita.

Dizal ne ya fi jawo gardama, nan muka fi daɗewa. A duba ƙarfen da ke manne a jikin kowace na'ura, a karanta kilowat ɗinta, a ninka da awannin aikinta a rana. A ce injin kwaɓi na gidan burodi mai kilowat 8 na awa 6 ya ba da 48, firij na shago masu kilowat 2 na awa 12 sun ba da 24, fitilu da fanka na sito kilowat 1 na awa 8 sun ba da 8. Jimla 80, rabon ya zama 60, 30 da 10. Wanda ke da hali ya sa ƙaramar mita a kowane sashe, ta fi ƙiyasi gaskiya, domin firij na zafin Afrilu ba ɗaya yake da na hunturu ba.

Ba mu yarda da raba komai bisa yawan ciniki ba, duk da sauƙinsa. Sashen da ya fi ƙoƙari shi ake jibga wa kaya, wanda ke cin mai ba ya kawo komai kuma ya lafe a bayansa.

Kuskuren da muka fi cin karo da shi wajen dubawa shi ne raba kuɗi sau biyu: magatakarda ya raba lokacin shigar da rasit, akanta kuma ya sake rabawa a ƙarshen wata. A zaɓi hanya guda. In ta ƙarshen wata ce, a tara kuɗin a asusun rabo, bayan rabon dole ya koma sifili. In bai koma ba, ko kason bai cika 100 ba, ko wani rasit ya shigo a makare. Haka nan harajin VAT na kashi 7.5 da kuke karɓa daga mai saye kuɗin gwamnati ne, kada ya shiga cinikin sashe. Kuma a kulle kowane wata da kalmar sirri bayan an rufe shi, domin gyaran tsohon rasit yana sauya rahoton da aka riga aka miƙa.

A shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓo rabon kuɗin sola, wanda ake raba shi bisa shekarun amfaninsa, na batir daban da na faifai. Muna roƙon duk wanda ya sa sola ya zo taron farko da rasit ɗin saye da takardar ma'aunin rabonsa ta bana.