Wasiƙa daga Damagaram kan tsohon tafkinmu

Zuwa ga aminina Malam Isufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Tambayar da ka yi game da tafkin nan da muke bi ta gefensa idan an tashe mu daga lise (makarantar sakandare), wato ko yana nan har yanzu, ta zo a kan gaɓa, domin ɗanka Habibu ya shiga Lycée Amadou Kouran Daga bana, kuma malamin tarihi ya ba su aikin gida kan dalilin da ya sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926, bayan ya zauna a nan tun 1911.

Yaron ya zo yana jera mini dalilan siyasa da kusancinmu da Kano, wadda a lokacin take hannun Turawan Ingila. Na ce masa duk haka ne, amma ya sa takalmi mu je in nuna masa wani dalilin da ido. Ka san garinmu a kan dutse yake zaune, mai haƙa rijiya ba ya nisa sai ya ci karo da fā, saboda haka ruwan damina da ke taruwa a tafkuna shi ne rumbun kakanninmu. Da yawa daga cikinsu ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, kuma garin da ya gina ganuwa irin ta zamanin Sarki Tanimu ba zai rasa manyan ramuka ba. Idan rani ya yi nisa, sai a bi gindin tafkin ana tonon ƙananan rijiyoyi. Na kuma gaya masa cewa wannan ruwan ne ya kwantar da mutane da kurkunu, cutar da shi bai taɓa gani ba, alhamdu lillahi.

Tafkin yana nan, sai dai da ƙyar za ka gane shi. Gidaje sun ci bakinsa, leda ta rufe sauran, kuma idan an yi ruwa mai ƙarfi, maƙwabta ne ke kwana a tsaye. Babu mai shansa yanzu, sai masu buga tubali da dabbobi. Ruwan sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya kuma Ganaram, ya hau shato, wato babban tankin ruwa na sama, kafin ya sauko pampo.

Abin da ya fi damuna shi ne watan Afrilu da Mayu, lokacin da jarrabawa ke matsowa kuma pampon unguwa ke yin shiru. Kuɗin garuwa yana tashi, sai ka ga ɗalibai, musamman 'yan mata, a layi da bido, wato jarkokin ruwa, tun kafin asuba, sannan su shiga aji suna gyangyaɗi. Habibu ya rubuta wannan a ƙarshen aikinsa ba tare da na sa shi ba.

Idan hoton nan da aka ɗauke mu a bakin tafkin yana hannunka har yanzu, don Allah ka turo mini, yana so ya nuna wa malaminsu inda ruwan yake kaiwa a da. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
Mamman Sani