Wasiƙar Godiya Ga Ƙungiyar Masu Jiragen Ruwa Masu Tafiya Da Iska A Legas

Zuwa ga shugabanni, ma'aikata da ɗaukacin 'yan ƙungiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne daga Samaru, Zariya, domin in taya ku murnar zagayowar ranar kafa ƙungiyarku, in kuma gode muku a bainar jama'a bisa karamcin da kuka yi mini da ɗalibaina 12 ranar bikin.

Ni malamin labarin ƙasa ne, na daɗe ina koya wa yara cewa iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, ta hunturu kuma daga arewa maso gabas, amma duk a kan allo. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, har yaranmu sun saba da ƙananan jiragen da ke shawagi a saman Palladan, sai dai ruwan da suka sani bai wuce Kubanni da Galma da madatsar ruwan jami'a ba. Shi ya sa da muka shirya ziyarar ilimi zuwa Legas na ƙudurta sai sun ga yadda iska kaɗai ke tafiyar da jirgin ruwa.

Kafin mu zo gare ku mun sha wuya. Wuri biyu na aika wa takarda, babu wanda ya amsa ko da kalma guda. A na uku kuwa, maigadi ya tsayar da mu a rana fiye da awa ɗaya yana tambayar wanda ya aiko mu, daga bisani wani ya leƙo ya ce sai mai katin shiga. Ba zan ambaci sunayensu ba, amma na ga yadda jikin yaran ya yi sanyi, kuma da wannan fargabar na iso ƙofarku, ga shi ranar hidimarku ce, kuna da uzurin da za ku sallame mu.

Ba ku sallame mu ba. An ba mu wurin zama da ruwan sha, an nuna mana inda za mu yi salla, sannan aka haɗa mu da wani dattijo mai kula da jiragen, wanda ya ce a Agege ya tashi cikin Hausawa. Shi ne silar wannan wasiƙa. Ya zauna da yaran yana kiransu 'ya'yana, ya bayyana musu cewa jirgi ba ya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu kamar mai hawan tudu da kaya, kuma allon da ke ƙarƙashinsa shi ke hana iska ture shi gefe. Ya yi ta nanata musu su sunkuya idan sandar da ke riƙe ƙyallen da iska ke turawa ta juyo. Da wata ɗalibata ta tsorata, bai matsa mata ba, sai ya kira wata 'yar ƙungiya ta ɗaura mata rigar kariya a kan hijabinta, ta kuma shiga jirgin tare da ita. Da na miƙa masa ɗan abin goro ya ce, "Haba Malam, ai baƙinmu ne ku."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya taka jirgi ba tare da rigar kariya ba, har manyan da suka shekara da shekaru suna tuƙi, kuma ana ƙirga mutane a fita, a ƙirga su a dawowa. Nan take na tuna ɗaliban Islamiyyar da muka rasa a hatsarin jirgin ruwa a Bagwai ta jihar Kano a 2021, Allah Ya jiƙan su. Har yau a mashigai da yawa na Arewa ana cika kwale-kwale da mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa baki, wanda ya tambayi riga kuwa a yi masa kallon matsoraci.

Allah Ya ƙara haɗa kanku, Ya maimaita muku. Ku isar wa Baba da gaisuwar yaran, kuma duk wanda hanya ta kawo shi Zariya lokacin hawan Salla, masaukinsa yana wuyanmu.

Naku,
Malamin labarin ƙasa, Samaru, Zariya.